Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Cunkoson Gidajen Gyaran Hali da Makomar Yara a Gaban Shari'a

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
Alhaji Ahmad Aliyu Sakkwato,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.



Bayan gaisuwar girmamawa da addu'ar Allah ya yi wa Mai Girma Gwamna jagora a kan amanar da ke wuyansa, wannan wasiƙa ta fito ne daga Tambuwal, kuma tana magana ne a kan mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali alhali kotu ba ta same su da laifi ba, da waɗanda aka ɗaure don sun kasa biyan tara, da kuma yaran da lamarin ke ritsawa da su, ko dai don su aka kama, ko kuwa don an kama wanda ke ciyar da su. Gine-ginen da ake tsare waɗannan mutane na Gwamnatin Tarayya ne, amma kotunan da ke tura su ciki, da lauyoyin gwamnati da ke riƙe da takardunsu, da dokokin da ake tuhumarsu da karyawa, kusan duka na jiha ne, don haka maganin cunkoson yana hannun Gwamnatin Jihar Sakkwato fiye da yadda yake hannun Abuja, kuma mafi yawan dokokin da ake bukata an riga an sa musu hannu, aiki da su ne ya rage.

Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya ke fitarwa a 'yan shekarun nan suna nuna cewa mutanen da ke tsare a faɗin ƙasa sun kai kimanin 80,000, a gidajen da aka gina domin mutum 50,000 da 'yan kai, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane masu jiran shari'a ne, wato waɗanda ake zargi amma ba a yanke musu hukunci ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sha bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ke tsare laifuffukan dokokin jihohi ake tuhumarsu da su. Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma, za a ga cewa da a ce waɗanda kotu ta ɗaure ne kaɗai ke ciki, da gidajen sun ishe su har da sauran fili, kuma cunkoson da ke haddasa ƙarancin abinci da yaɗuwar cututtuka irin su tarin fuka da ƙazuwa ya samo asali ne daga jinkirin shari'a.

Rabuwar da ke tsakanin mai ginin da mai cika shi tana da tarihi. A zamanin En'e, wato hukumomin gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunsu, hukumar da ke da kotun alƙali ita ce ke da gidan yari, ita ce kuma ke ciyar da fursuna, saboda haka tana jin nauyin kowane ɗauri a baitulmalinta. A shekarar 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e gaba ɗaya, kuma tun daga lokacin jihohi ke ɗaurewa, Tarayya ke ciyarwa, har ya zama babu wani abin da ke matsa wa jiha ta gaggauta shari'ar wanda ta tsare. A watan Maris na 2023 aka yi wa Tsarin Mulki gyaran da ya mayar da harkar gidajen gyaran hali cikin jerin abubuwan da Tarayya da jihohi duka ke da ikon yin doka a kansu, kuma daga nan ne wasu suka fara kiran jihohi su gina nasu. Sabon gini yana da amfani, musamman inda tsohon ya samo asali tun zamanin mulkin mallaka kamar babban gidan yarin birnin Sakkwato, kuma abin da ya faru a Suleja a watan Afrilun 2024, da Maiduguri a watan Satumbar shekarar, inda ruwa ya rushe tsofaffin katangu fursunoni suka tsere, ya isa gargaɗi. Sai dai duk girman gidan da aka gina, zai cika cikin 'yan shekaru muddin hanyar shiga tana buɗe, ta fita kuma tana toshe.

Babbar hanyar shigar ita ce abin da lauyoyi ke kira tuhumar wucin gadi, wato 'yan sanda su kai mutum gaban kotun majistare bisa zargin babban laifi irin su kisan kai ko fashi da makami, alhali sun san wannan kotu ba ta da hurumin yin shari'ar, domin kawai ta ba da umarnin a tsare shi har zuwa lokacin da Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a zai duba kundin bincike ya ba da shawarar ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babbar Kotu. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu, kuma a sake shi, ko da bisa sharuɗɗa, idan wata biyu suka wuce yana tsare ba a yi shari'arsa ba, sai dai sashen ya cire waɗanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya, kuma ta wannan ƙofa ce ake cusa mutane da yawa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi tir da wannan al'ada a shari'o'i da dama a shekarun 1990, amma a 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Lufadeju da Johnson, ta yanke cewa majistare na da ikon ba da umarnin tsarewa inda dokar jiha ta ba shi. A 2012 kuwa Kotun ECOWAS ta samu Najeriya da laifin tauye haƙƙin Sikiru Alade, wanda ya shafe kimanin shekara tara a tsare a Legas bisa irin wannan umarni ba tare da an gurfanar da shi ba.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin sasanta waɗannan ra'ayoyi biyu ta hanyar amincewa da tsarewar tare da yi mata wa'adi. Ta ce umarnin farko kada ya wuce kwana 14, ana iya sabunta shi da wasu kwana 14 idan akwai dalili, daga nan kuma wajibi ne kotu ta nemi Antoni-Janar da Kwamishinan 'Yan Sanda su bayyana dalilin da zai hana a sallami mutumin; ta kuma ba Antoni-Janar kwana 14 ya fitar da shawararsa bayan kundin ya iso gare shi, ta ɗora wa manyan majistarori ziyartar caji ofis duk wata domin duba waɗanda ke ciki, ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. An zartar da wannan doka ne lokacin da ɗan wannan gari, Aminu Waziri Tambuwal, yake Kakakin Majalisar Wakilai, kuma a zamanin da yake Gwamna ne Jihar Sakkwato ta yi tata dokar makamanciyarta a 2019, sannan Dokar Kare Yara a 2021. Saboda haka Mai Girma Gwamna ya gaji kayan aiki cikakku, kuma wannan al'amari ya wuce bambancin jam'iyya, domin dokar jiha ta jiha ce ko wane ne ya sa mata hannu.

Mutanen Tambuwal da Kebbe suna da dalili na musamman na damuwa da wannan jinkiri, kuma dalilin shi ne nisa. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato kimanin kilomita 100 ne a kan hanyar Jega, Kebbe kuma ta fi haka nisa, ga ƙauyukan da ke can kan iyakar Zamfara da Kebbi waɗanda matsalar 'yan bindiga ta sa tafiya daga cikinsu ta zama kasada. Kundin mutumin da aka kama a Kuchi ko Jabo ko Sanyinna bisa zargin babban laifi sai ya bi hannun 'yan sandan yanki, ya je sashen binciken manyan laifuffuka a Sakkwato, sannan ya isa Ma'aikatar Shari'a, kuma a kowane mataki yana iya kwanciya idan babu mai bibiyarsa. Mai hali yana ɗaukar lauya ya bi masa, manomin da ke neman kuɗin mota kuwa yakan je sau ɗaya ko sau biyu, idan aka ce masa an ɗage zaman sai ya koma gida ya bar wa Allah. Haka nan sharuɗɗan beli da ke neman mai tsayawa ya kasance babban ma'aikacin gwamnati, ko mai takardar mallakar fili a cikin birni, sharuɗɗa ne da mutumin karkara ba zai iya cikawa ba, alhali yana da mai unguwa da dagaci da limami waɗanda suka san gidansu da gonarsu, kuma sun fi kowa iya kawo shi kotu ranar da aka neme shi.

Hanyar shiga ta biyu ita ce ɗauri a kan ƙananan laifuffuka. Wanda ya saci akuya ko wayar hannu, ko wanda dabbobinsa suka yi ɓarna a gonar wani lokacin kaka, akan yanke masa ɗaurin wasu watanni ko zaɓin tara, wani lokaci tare da biyan diyyar abin da ya salwanta, kuma a nan ne hukunci ɗaya ke rabuwa gida biyu, mai kuɗi ya biya ya kwana gida, talaka ya tafi kurkuku. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya, wanda ke nufin abin da ya riƙe kowannensu, idan aka raba daidai, bai kai naira 150,000 ba. Irin wannan alheri, da afuwar da gwamnoni ke yi a ƙarƙashin sashe na 212 na Tsarin Mulki lokacin Sallah ko bikin 'yancin kai, abin yabo ne, amma kamar kwarfar ruwa ne daga kwalekwalen da ya huje, domin kotunan da suka tura waɗancan suna ci gaba da tura wasu washegari. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba: aikin al'umma, wato a sa mai laifi ya yi wasu sa'o'i yana share asibiti ko kasuwa ko makaranta a garinsu ba tare da lada ba, ɗaurin talala, wato a bar shi a gida ƙarƙashin kulawar jami'i bisa sharaɗin kada ya sake, sakin wanda ya nuna gyaruwa kafin wa'adinsa ya cika, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta, inda ake mayar da haƙƙi ga mai shi. Zimbabwe ta fara aiki da hukuncin aikin al'umma tun farkon shekarun 1990, Kenya kuma ta yi masa doka a 1998, saboda haka abu ne da aka gwada a Afirka.

Akwai masu adawa da wannan sauyi, kuma hujjarsu tana da nauyi, musamman a yankin da aka binne mutanen da 'yan bindiga suka kashe. Suna cewa sassauci a wannan lokaci zai buɗe ƙofa ga masu kai wa ɓarayin daji bayanai da man fetur da abinci, kuma sau da yawa jama'a sun ga an kama mutum yau, gobe ya dawo yana yi wa waɗanda suka tona shi barazana. Amsar ita ce dokar 2015 da kanta ta haramta ba da aikin al'umma ko dakatar da ɗauri ga laifin da aka yi amfani da makami a cikinsa, ko laifin fyaɗe da makamantansa, ko duk laifin da hukuncinsa ya wuce shekara uku. Bugu da ƙari, jinkirin shari'a shi ne babban abokin mai laifin gaske, domin bayan shekara uku ko huɗu shaidu sun watse, ɗan sandan da ya yi bincike an mayar da shi wata jiha, kundi ya ɓace, sai kotu ta rasa abin da za ta riƙe shi da shi. Cire ƙananan shari'o'i daga gaban alƙalai yana ba su lokacin gama manyan, kuma raba ɓarawon akuya da ɗan fashi yana hana na farko koyon sana'ar na biyu.

Jihar da ke da kotunan shari'ar Musulunci ba ta bukatar aro hujjar wannan gyara daga waje. A fiƙihu, ɗauri yana cikin babin ta'aziri, wato horon da aka bar wa shugaba ko alƙali ya auna gwargwadon laifi da halin mai laifi, kuma nasiha da tsawatarwa da mayar da haƙƙi duk suna cikin wannan babi. Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, ya yi umarni da a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, malaman Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin wanda yake da hali ya ƙi biya, wanda ana iya tsare shi, da wanda talaucinsa ya tabbata, wanda ba a tsare shi. Alƙali Abu Yusuf, a littafinsa Kitabul Kharaj, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da ya ciyar da fursunoni ya tufatar da su daga baitulmali, ya kuma sa a riƙa duba al'amarinsu a kai a kai, wanda babu hujja a kansa a sake shi. Ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka yi rubuce-rubuce a kan adalcin masu mulki ta fi cancantar ta zama ta gaba a wannan fage.

Batun yara ya fi kowanne gaggawa, domin shekarun da aka ɓata wa yaro ba sa dawowa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta hana a yanke masa hukuncin ɗauri a kurkuku ko na kisa, ta ce tsare shi kafin shari'a ya zama matakin ƙarshe kuma na ɗan gajeren lokaci, ta kuma ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon warware ƙananan laifuffukansa ta hanyar sulhu da sa ido ba tare da an je kotu ba. Jihohin Arewa sun daɗe suna muhawara a kan wannan doka, saboda fiƙihu yana rataya ɗaukar nauyi ne a kan balaga da hankali, dokar kuwa ta rataya shi a kan adadin shekaru, kuma wannan ne ya sa Sakkwato ba ta yi tata ba sai bayan shekara 18. Amma ko wane ma'auni aka bi, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa horon yaro tarbiyya ce, kuma babu malami ko lauya da zai yarda a kwantar da ɗan shekara 14 a ɗaki ɗaya da manyan da ake zargi da fashi. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ma ta umarci shugaban gidan gyaran hali ya ƙi karɓar wanda bai kai shekaru ba.

Abin da ke rusa wannan kariya a aikace shi ne rashin takardar haihuwa. Yaron karkara ko almajirin da aka kama a kasuwa, iyayensa suna nesa, ba shi da wata shaida, sai a rubuta masa shekara 18 ko 19 a takardar tuhuma, daga nan ya zama babba a idon kotu. Gidajen horar da matasa masu laifi na Gwamnatin Tarayya da suka daɗe suna aiki uku ne, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, babu ko ɗaya a kusa da Sakkwato, duk da cewa dokar 2019 ta bukaci a samar da su a kowace jiha. Ƙasa baki ɗaya ta ga sakamakon wannan sakaci ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yara daga Kano da Kaduna a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bayan sun shafe kusan wata uku a tsare saboda zanga-zangar watan Agusta, wasu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sanya belin kowane ɗaya naira miliyan 10, har sai da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Waɗancan kyamarori ne suka cece su, yaron da aka tsare a ƙaramar hukuma mai nisa kuwa doka ce kaɗai gatansa.

Akwai kuma yaran da hukunci ke faɗawa a kansu alhali ba su taɓa shiga kotu ba. Idan aka tsare magidanci da damina, gonarsa takan mutu, 'ya'yansa su bar makaranta su shiga talla ko bara, idan kuma uwa mai shayarwa ce, jaririn yakan bi ta ciki. Sashe na 30 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990, wadda Najeriya ta amince da ita, ya bukaci a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara, kuma a 2007 Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke cewa wajibi ne alƙali ya bincika makomar yara kafin ya ɗaure wanda ke renonsu.

Bisa waɗannan dalilai, ana roƙon Mai Girma Gwamna ya ɗauki matakai kamar haka, tare da kiyaye 'yancin ɓangaren shari'a, wanda gwamna ba ya ba shi umarni amma yana iya wadata shi da kayan aiki. Na farko, ya umarci Antoni-Janar kuma Kwamishinan Shari'a ya tattara sunayen duk masu jiran shari'a a gidajen gyaran hali na jiha, har da ƙaramin gidan da ke Tambuwal, da ranar kama kowanne da inda kundinsa yake, ya fitar da shawara a kan waɗanda wa'adinsu ya wuce, ya kuma yi amfani da ikon da sashe na 211 na Tsarin Mulki ya ba shi wajen janye ƙarar da ba ta da hujja. Na biyu, a ajiye lauyoyin gwamnati na dindindin a Tambuwal domin su riƙa duba kundin shari'o'in kudancin jiha a nan, tare da haɗin gwiwar Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ga Marasa Galihu. Na uku, a ware kuɗi a kasafin shekara domin ziyarar majistarori zuwa caji ofis duk wata, da ziyarar Babban Jojin Jiha zuwa gidajen gyaran hali a kai a kai, tunda wata doka ta 1977 ta ba shi ikon sallamar wanda ya zauna a tsare fiye da wa'adin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifi. Na huɗu, a ɗauki jami'an sa ido kan aikin al'umma a kowace ƙaramar hukuma, a shigar da hakimai da dagatai cikin tsarin beli da sulhu, domin alƙali ba zai yanke hukuncin da ya san babu mai bibiyarsa ba. Na biyar, a kafa kotun iyali da wurin ajiye yara na ɗan lokaci a wannan shiyya, a sa jami'in jin daɗin jama'a ya halarci duk shari'ar da ake shakkar shekarun wanda ake tuhuma, a kuma ɗauke shi yaro har sai an tabbatar da akasin haka, sannan a haɗa hannu da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wajen rajistar haihuwa a asibitoci da makarantun allo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke bukatar sabuwar doka. Ma'aunin nasararsu a fili yake, wato gwamnati ta riƙa bayyana wa jama'a duk bayan wata shida adadin masu jiran shari'a, da tsawon zaman wanda ya fi daɗewa a cikinsu, da adadin yaran da aka samu a inda bai kamata a same su ba. Mai Girma Gwamna ya rantse da Alƙur'ani zai yi adalci ga kowa ba tare da tsoro ko son kai ba, kuma mutumin da ke tsare ba tare da hukunci ba yana cikin waɗanda rantsuwar ta ƙunsa.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, ya ba Jihar Sakkwato zaman lafiya, amin.

Wassalamu alaikum.

Daga wani mai nazarin harkokin shari'a,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.